Inda Na Kwantar Da Isiyaku Mai Waina

Aikin jinya wahala ne, kuma babu sunan da za a sa masa ya daina zama wahala. Na fi shekara ashirin ina yin sa a Jidda. Bayana ya tafi, gwiwar dama ba ta lanƙwasuwa sai na dafa bango, hancina kuwa ya mutu, ko turare ba na ji sosai. Amma kullum sai yaran yanzu sun tare ni: "Baba Garba, a samo mana gidan tsoho mana, mu ma mu shiga sanyi mu huta da rana." Sun ga mutum yana tura keken mara lafiya a bakin teku da yamma, tsoho a zaune cikin farar jallabiya, sai suka ɗauka aikin ke nan. Tura keken ba ya kai awa ɗaya. Sauran yinin ba wanda yake gani. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko da yake karatuna bai wuce firamare ba. Wanda ya karanta ya ga zai iya, ya zo.

Umra na zo na zauna, kamar yadda da yawa suka yi. Shekara biyu ina dako a kasuwar Bab Makka, ina ɗaukar dilolin yadi daga mota zuwa shago. Akwai wani dattijo da yake shan shayi kusa da inda muke sauke kaya, Ammu Usman. A Jidda aka haife shi, kakanninsa ne suka zo aikin hajji a ƙafa. Ya yi aikin ɗaga marasa lafiya a asibiti har ya ajiye, sannan ya koma yi a gidaje. Wata rana ya ga yadda na sunkuya na ɗaga dila, ya ce, "Ya waladi, za ka karya bayanka a banza. Zo ka karya shi inda akwai lada."

Ranar farko bai kai ni wurin kowa ba. Ɗakinsa ya kai ni, ya ce in kwanta a katifa in saki jiki, kada in motsa ko yatsa. Ya zauna yana shan shayinsa. Ƙuda ya sauka a hancina, na ɗaga hannu, ya buge hannun. "Mai shanyewar jiki yana da hannu?" Da na gaji da kwanciya, ya zagayo ta bayana ba magana, ya fizge ni ya juya. Na ji kamar daga kan soro aka jefo ni. Ya ce, "Ka ji? To haka suke ji. Kafin ka taɓa mutum ka gaya masa. Ko ba ya magana, ko bai san inda yake ba." Wata takwas ina bin sa ina riƙe masa roba kafin ya bar ni na wanke mutum ni kaɗai. Shi ne kuma daga baya ya haɗa ni da kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mini aka yi mini iƙama, takardar izinin zama. Allah ya jiƙansa.

Kayan aikin jaka ɗaya ce. Ledar shimfiɗa, safar hannu, tawul biyu, ɗaya na wanki ɗaya na rufe mutum don kada ka bar shi tsirara ko da ku biyu ne a ɗaki. Man shafawa, ƙaramin cokali, ƙananan matasai na sawa tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin diddige. Sai zanen juyawa, wanda ake ninkewa biyu a shimfiɗa daga kafaɗa zuwa cinya. Zanen ake ja, ba mutum ba. In ka ja hannun da ya shanye za ka goce masa kafaɗa, kuma ba zai iya gaya maka ba. Babban abokin gabarmu gyambon kwanciya ne. A jikin Balarabe fari wurin ja yake yi, ka gani da wuri. A jikin namu baƙi ba ka ganin komai, sai ka bi ƙugu da diddige da bayan hannunka, inda ka ji ya fi sauran jiki zafi to nan ne. Ka yi sakaci kwana uku, wurin ya buɗe, a zafin Jidda kuwa ba ya rufewa da wasa. Abinci kuma a zaune ake ba su, ta gefen bakin da yake da rai. Ruwa tsalla ya fi tuwo haɗari, shi yake ƙware su. Kunu mai kauri ya fi.

Na yi jinyar wani tsohon ɗan kasuwa da yake ajiye sanda a gefen gado, duk wanka sai na sha biyu ko uku a kafaɗa, in an gama kuma ya kama hannuna ya sumbata. Na yi wani da yake ɓoye dabino a cikin famfas ɗinsa. Na yi gidan da 'ya'yan suka kafa kamara a ɗaki suna kallona daga ofis, amma ba mai shigowa ya gaida uban sai Juma'a. Duk waɗannan ban taɓa faɗin sunayensu ba, kuma ba zan faɗa ba. Wanda zan ba ku labarinsa yanzu ma sunan da na sa masa ba nasa ba ne, kuma sai da ya ce in faɗa.

A unguwar Nuzla nake zaune lokacin, mu huɗu a ɗaki, da rana ina aiki gidan wani tsohon Balarabe a Aziziyya. Layi biyu daga namu akwai Alhaji Isiyaku mai waina. Kowa ya san ɗan daudu ne. Sunan nan Isiyaku ma mutane kaɗan suka san shi, Hajiya Kande ake ce masa, mata da maza. Ya daɗe da tebur a wajen Bab Makka, waina da miyar taushe, daga baya ya koma girkin biki a gidaje. In yana girki zani yake ɗaurawa a ƙirji, yana magana yana tafa hannu, bakinsa kuwa ba wanda yake ja da shi. Shekaru da yawa ɗaki ɗaya suke da wani tela, Habu. Abin da ke tsakaninsu ban gani ba, ban tambaya ba. Mutane sun faɗa, su biyun kuma ba su taɓa amsawa ba, ba su taɓa musawa ba. Wainarsa dai kowa ya ci. Baƙon da ya sauka ba shi da kowa, in ya tsaya a gaban teburin yana kallo, sai ya ji an ce, "Kai ɗan nan, zauna ka ci, kada ka faɗi a kaina a ce ni na kashe ka."

Ɓarin jikin Isiyaku na hagu ya shanye wata rana yana tsaye a kan tanda. Ba shi da iƙama, ba maganar kwanciya a asibiti. Habu ya ajiye keken ɗinki ya yi jinyarsa wata biyar. Sai ranar da ya fita sayen magani ya faɗa hannun masu duba takardu, aka kai shi tarhil, wurin da ake tara waɗanda za a mayar gida. Shi ke nan. Isiyaku ya kwana biyu a ɗaki, matan maƙwabta suna miƙa masa kunu, amma wanki ba nasu ba ne, namiji ne. Maza kuma ba wanda ya shiga. Ɗaya daga cikin matan ce ta tsayar da ni a hanya ta ce, "Malam Garba, ka ji tsoron Allah ka leƙa Kande."

Ni ba malami ba ne. Abin da addini ya ce a kan irin wannan rayuwa na sani, kowa ya sani, kuma ban sake ra'ayi ba. Amma ba shari'a aka kira ni in yi ba, wanki aka kira ni. Na je. Sai dai zan faɗi gaskiya, da na buɗe jaka safar hannu biyu na sa, ɗaya a kan ɗaya, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Yana kwance yana kallona da ido ɗaya, bakin a karkace. Ya yi magana ban gane ba, na matsa kusa.

"Garba," ya ce, "shanyewar jiki ce. Ba a ɗauka."

Na cire ɗaya na mayar jaka. Na ce, "Alhaji, zan juya ka." Ni Alhaji nake ce masa, tun ranar har yau, bai taɓa ce mini in sake ba. Da na juya shi na ga aikin Habu. Wata biyar a kwance, mutum mai jiki, babu gyambo ko ɗaya. Zanen juyawa da kansa ya ɗinka shi, har da hannayen riƙo a gefe. Ba wanda ya koya masa. Na yi aiki tare da waɗanda suke da takardar makaranta ba su kai shi ba.

Daga nan kullum sai na biya da sassafe kafin in tafi Aziziyya, in dawo bayan la'asar. Tsakanin nan matan suna ba shi abinci, shi kuma yana iya jan jikinsa kaɗan da hannun dama. Ana tafiya a haka. Sai shekarar rusau ta zo.

Wanda bai zauna a kudancin Jidda a shekarar nan ba, ba zai gane ba. Da safe ka fito ka ga an rubuta wa bangon gidanku jan fenti, izala, wato za a rushe. A ba ku kwanaki, a yanke wuta, motocin rusau su shigo. Unguwa guda ta watse. Kowa yana neman inda zai sa kansa, masu iƙama ma suna yawo da katifa a ka, balle marasa ita. Matan da suke ba Isiyaku abinci suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Mu namu layin bai shiga zagayen farko ba, nasa ya shiga. Ya rage kwana goma sha biyu a yanke musu wuta, kuma ba shi da inda za a kwantar da shi.

Na fara da abokan ɗakina. Ban gama magana ba babbanmu ya ce, "Garba, kada mu ɓata." Na samo lambar ƙanen Isiyaku a gida na kira. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, mun gode. Shekara talatin yana can, ku bar shi can." Ya kashe.

Sai na tafi wurin Alhaji Sabo. Shi ne shugaban ƙungiyar taimakon juna ta mutanenmu, in an yi mutuwa shi yake nemo likkafani da mota, in mutum ya rasa makwanci shi yake buga waya. Mutumin kirki ne, kuma a lokacin wayarsa ba ta hutawa. A nan na yi kuskuren da nake so ku ji da kyau. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, akwai wani dattijo mutumin ƙasarmu, Malam Isiyaku, yana da shanyewar jiki, ba shi da kowa." Ban yi ƙarya ba ko kalma ɗaya. Amma na san bai san sunan ba, kuma da gangan na zaɓe shi. A raina na ce in dai an riga an kwantar da mutum, kunya za ta hana a ɗaga shi.

Bayan kwana huɗu ya kira ni, ya ce an samu gefe a wani ɗakin gwauraye, su shida ne, masu wankin mota da 'yan dako, sun ce a kawo shi, lada ne. Na sa wa Isiyaku jallabiya da hula, na ce masa an samu wuri. Na ɗauki hayar ƙaramar motar kaya, muka shimfiɗa shi a baya. Hawa biyu ne, ba lifta. Ni da direban muka ɗauke shi a zane, muna hawa muna hutawa. Muna kaiwa bakin ƙofa wani mai wankin mota, Mudi, ya fito zai kama mana. Ya sunkuya ya kalli fuskar, sai ya saki zanen.

"La'ilaha illallahu! Ai Hajiya Kande ce!"

Sauran suka fito. Da farko dariya suka yi. Wani ya ce, "Hajiya, yau kuma hula?" Daga nan dariyar ta ƙare.

"Baba Garba, wannan ne Malam Isiyakun?"

Na ce, "Sunansa ke nan. Shi ubansa ya raɗa masa."

"A ɗakin nan muke sallah," in ji Mudi. "A nan muke tuɓe riga. Gobe a ce ɗakin su wane ne ɗan daudu yake kwana? Akwai mai neman aure a cikinmu."

Na ce, "Kai Mudi, mutumin da ba ya iya ɗaga cokali me zai yi maka? Da ka sauka garin nan da silifas ɗaya, wainar wa ka ci?"

"Na ci," ya ce. "Na ci, Allah ya saka. Waina daban, ɗaki daban. Kai da ka damu da ita ka kai ta naka mana. Ko dai kai ne sabon Habu?"

Direban ya ce, "Yalla, ya jama'a, ni ina da aiki." Duk wannan Isiyaku yana kwance a kan siminti a bakin matakala, hular ta zame ta rufe masa ido ɗaya, kuma yana jin komai. Kunnensa lafiya lau yake. Na kira Alhaji Sabo a nan tsaye. Da ya ji ko wane ne, sai ya ce, "Garba, ka ci amanata. Da ka faɗa mini gaskiya, ko in ce a'a ko in nemi inda ya dace. Yanzu ka sa na yaudari mutane da bakina. Wa zai ƙara karɓar mutum in na aiko?" Gaskiya ya faɗa.

Muka sauko da shi hawa biyun nan, muka koma Nuzla. Rabin layin an riga an cire ƙofofi da tagogi, ƙura ko'ina. Na kwantar da shi, na share masa fuska da jiƙaƙƙen tawul, na duba ƙugunsa saboda kwanciyar siminti. Ina haɗa kunu sai na ji yana magana. Na matsa.

"Da ka tambaye ni."

Na ce, "Me?"

"Kwana tara kana yawo da ni a baki. Ka je wurin wannan, ka je wurin wancan. Ka sa mini hula kamar ango. Ba ka ce, Isiyaku, ina kake so ka je ba."

Maganarsa a hankali take fita, kalma ɗaya sai ya huta, yawu yana zuba ina sharewa. Na tsaya na ji har ƙarshe.

"Ni na san waɗanda za su karɓe ni da waɗanda ba za su karɓa ba. Tun kana dako na sani. Mudi? Ai da ka ce mini ɗakin su Mudi ne da na ce ka ajiye kuɗin mota."

Na ce, "To ina?"

"Hajja Maryam. Aziziyya, bayan masallacin da yake da koren ƙofa. 'Ya'yanta mata huɗu, ni na yi girkin bikinsu. Ka ce mata Kande. Kada ka ce Malam kowa."

To ku ji. Ni a kaina namiji sai ɗakin maza, shi ya sa duk yawon da na yi wurin maza na yi shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka a tsakar gidan mata, can mutanensa suke, kuma ban taɓa tunanin in leƙa can ba. Na iya wanke shi, na iya ciyar da shi, amma na ɗauke shi kamar dilar yadi, ina neman shagon da za a sauke.

Washegari bayan na tashi daga aiki na nemi gidan. Bene ne mai hawa uku, nasu ne na gado. Hajja Maryam tsohuwa ce haifaffiyar Jidda, tana zaune a kujera da carbi, Hausarta rabi Larabci. Na gaishe ta daga bakin ƙofa, na ce Kande ce ta aiko ni, na faɗi halin da ake ciki, ban rage komai ba, har da abin da ya faru a matakala.

Ta buga hannu a cinya. "Ya Rabbi! Kande tana kwance wata da watanni, sai yau ake gaya mini? Ku mazan nan wane irin mutane ne? Khalid! Ta'al!"

Khalid ɗanta ne, shi yake riƙe da gidan, ma'aikacin ofis, yana jin Hausa amma in zai yi magana sai ta kakare ya koma Larabci. Ya saurara yana tsaye. Ya ce mutumin ba shi da iƙama, in aka same shi a gidan su ne a ciki. Ya ce ga maƙwabta. Ya ce, "Ummi, kin san mutane."

"Na san mutane," ta ce. "Ranar bikin ƙanwarka da mai girki ya gudu, mutane ne suka tsaya a kan wuta tun safe har aka sallami baƙi? Ɗakin haris yana nan a ƙasa ba kowa, sai tsofaffin tayoyinka."

Ɗakin mai gadi take nufi, a ƙarƙashin matakala, yana da banɗaki da na'urar sanyi. Khalid ya juyo wurina ya lissafa sharuɗɗansa da yatsa. Abokan Isiyaku in za su zo gaisuwa su zo ɗaya ɗaya, da shigar maza. Mahaifiyarsa za ta aiko da abinci, amma ba ita ba jinya. Na uku, ba za a bar shi ya kwana shi kaɗai ba, kada ya mutu a ɗaki a zo ana tambaya. Dole namiji mai iƙama ya tare a ɗakin, ya zama shi ne haris a idon kowa, mara lafiyan kuma ɗan'uwansa.

"Kai," ya ce. "In ba kai ba, khalas, babu."

Na ce zan yi tunani. Hajja Maryam ta kalle ni ta saman tabarau. "Ka yi tunanin da kyau, ya Garba. Ɗaki ɗaya ne, ƙofa ɗaya. Za su ce ka gaji Habu."

Na ce, "An riga an fara, Hajja."

"Kana da iyali?"

"Mata da 'ya'ya biyar, a gida."

"To maganar za ta riga ka isa."

Wannan gaskiya ne. Magana daga Jidda zuwa garinmu ba ta kwana. Kuma aikinmu da suna ake samunsa. Ba wanda zai ba ka ubansa ka tuɓe shi ka wanke in an taɓa raɗa masa wani abu a kanka, ko da ƙarya ne. Ina da 'ya da ake nema a lokacin.

Na koma Nuzla kafin magariba. Wannan karon na zauna a bakin katifa na faɗa masa duka, ɗakin da sharuɗɗan, na ce, "Kana so?"

Ya ce, "Akwai taga?"

"Ƙarama."

"Ina so." Ya huta. "Kai fa? Ka san abin da za su ce."

"Na sani."

"Kada ka yi don tausayi, Garba. Ba na son a riƙa jinyata ana tsaki."

Na ce, "Tsaki kam sai ka haƙura, kowa ina yi wa. Balaraben da yake biyana ma ina yi masa."

Ya yi dariya da rabin baki har ya ƙware, sai da na ɗaga shi zaune na bubbuga masa baya. Da ya dawo daidai ya ce in ɗauko masa tandar wainarsa a bayan ƙofa, kada a rushe gida a kanta. Na ce wa zai yi waina? Ya ce, "Kai. Ina kwance ina gaya maka. Hannunka dai kamar na mai haƙar rijiya, amma za a gwada."

Washegari da na idar da sallar asuba na kira matata, na gaya mata komai da bakina kafin wani ya riga ni. Ta ce, "Malam, za a kawo mini magana." Na ce za a kawo. Ta ce, "To in sun kawo na ce na riga na ji." Na naɗe katifata a gaban abokan ɗakina. Na kira mai motar nan, muka ɗora katifa biyu da keken mara lafiya da na samo masa da tanda, muka shimfiɗa Isiyaku, ba hula. Da muka isa Aziziyya na fitar da tayoyin Khalid, na wanke ɗakin, na sa katifarsa a ƙarƙashin taga. Sai keken ya ƙi shiga, ƙofar ta yi masa kaɗan da kamar yatsa biyu. Na ari sukudireba na kwance ƙyauren gaba ɗaya, na jingine shi a bango, na tura keken ciki.

Khalid ya sauko zai tafi ofis, ya ga ɗaki a buɗe, ya tambaye ni yaushe zan mayar da ƙyauren. Na ce ba sauri, labule ya isa. Duk mai son sanin abin da ake yi a ciki ya ɗaga ya shigo, dama ina neman mai riƙe mini roba.